Ƙullutu a mama: a cire ko a bar shi, kuma yaya jinyar take bayan aiki?

'Yar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanwata mai shekara 26 tana da ƙullutu a maman hagu. Ba ya ciwo, kuma zillewa yake yi in an taɓa. Hoto ya nuna girmansa santimita 2 da rabi. Wani asibitin kuɗi sun ce a kawo ta a cire kawai, a gida kuma tsofaffi na cewa kada a yarda ƙarfe ya taɓa shi. Don Allah masu sani, aikin dole ne? In an yi, yaushe za ta koma hidimar gida, kuma zai hana ta shayarwa nan gaba?

Likitan tiyata, Samaru:
Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya, Hajiya. Abin da kika kwatanta ya yi kama da fibroadenoma, ƙarin da aka fi gani a 'yan mata da matan da ba su wuce 35 ba, kuma ba daji ba ne. Amma kama da wane ba ta wane. Ba a yanke hukunci sai an haɗa abu uku: likita ya duba da hannu har hammata, a yi hoto, sannan a ɗebi ɗan nama da allura a kai ɗakin gwaji. A shekarunta hoton sikanin ya fi amfani, domin naman maman budurwa yana da kauri, mamogiram, wato hoton X-ray na mama, ba ya nuna shi sosai; mamogiram an fi yi wa 'yan 40 zuwa sama. Na ukun ne ya rage muku, kuma shi ne mafi muhimmanci. Ku je Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya, ɓangaren tiyata. Ana kashe wurin da allura, aikin mintoci ne, ta koma gida da ƙafarta.

Maganar ƙarfe kuwa, allurar gwaji ba ta watsa daji. Jinkiri ne ke watsa shi. Mata da yawa sai an sha shafe-shafe da sakiya, fata ta fashe, sannan a kawo su.

In gwaji ya tabbatar fibroadenoma ne, ana iya barin sa, a sake hoto bayan wata 6. Ana cirewa idan ya haura santimita 3, ko yana girma da sauri, ko yana ciwo, ko sakamakon allura bai yi daidai da hoto ba. Akwai wani ƙari mai suna phyllodes da ke kama da shi, wanda dole a yanke shi haɗe da lafiyayyen naman da ke kewaye, in ba haka ba ya dawo. Shi ya sa "a cire kawai" ba tare da gwaji ba ke jawo aiki biyu. Idan kuma hankalinta ba zai kwanta da shi a jikinta ba, wannan ma dalili ne, haƙƙinta ne ta nemi a cire.

Ma'aikaciyar jinya, Ƙofar Doka:
Ni ta fannin jinya zan ƙara. In maganin barci za a ba ta, ta daina cin abinci awa 6 kafin aiki, kuma ta faɗi duk maganin da take sha, musamman asfirin da na gargajiya, don wasu na sa jini ya ƙi tsayawa. Mai ciwon suga sai an daidaita shi, in ba haka ba ciwon na iya ƙin haɗewa. Yawanci a ranar ake sallama.

Ta tanadi rigar mama ta auduga, marar ƙarfe, mai kama jiki, ta kwana da ita ta tashi da ita mako ɗaya zuwa biyu. Nauyin mama ne ke jan ɗinki. Kada bandeji ya jiƙe a kwana biyun farko. Ba gashi da ruwan zafi, ba man zafi, ba zuma ko garin magani a kan ɗinki. In zaren cirewa ne, tsakanin kwana 7 da 10 ake cirewa. Ƙananan ayyuka za ta iya bayan kwana biyu-uku, amma daka, jan guga, wanki da ɗaukar yaro su jira mako 2 aƙalla. Sai dai kada ta manne hannun a jiki, ta riƙa ɗaga shi a hankali kullum don kafaɗa kada ta sage.

Ramin da aka ciro ƙarin yakan tara ruwa, wurin ya ɗan kumbura. Sau da yawa jiki ke shanye shi, in ya yi yawa a zuƙe da sirinji a asibiti. Wanda ba a jira da shi, sai a koma asibiti nan take: mama ya kumbura cikin awoyi ya yi tauri da duhu, jini ne ya taru. Haka zazzaɓin da ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius, mugunya, ko zafin da ke ƙaruwa bayan kwana uku maimakon raguwa.

Ma'aikacin ɗakin gwaji, Sabon Gari:
Don Allah, Hajiya, kada a jefar da abin da aka ciro, kada kuma a ba ku a leda ku kai gida ku binne. Ko allura ta ce lafiya, dole a duba shi gaba ɗaya. A saka shi nan take a ruwan fomalin, mai hana nama ruɓewa, mai ƙarfin kashi 10 cikin 100, ruwan ya ninka naman kamar sau goma, a rubuta suna da gefen da aka yi aikin. Barin sa a ruwan gishiri ko daskarar da shi a firiza na iya lalata naman, a kasa karanta shi da kyau. Kafin ku biya kuɗin aiki ku tambaya wa zai kai shi gwaji, kuma ku koma ku karɓi sakamakon a rubuce ko da ciwo ya warke sarai.

'Yar Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Saura maganar shayarwa.

Likitan tiyata, Samaru:
Mafi yawa suna shayarwa lafiya lau. Abin lura shi ne inda za a tsaga: yanka ta gefen baƙin da ke zagaye da kan mama ya fi ɓoye tabo, amma ya fi kusa da hanyoyin nono. Ta gaya wa likitan tun kafin aiki cewa tana da niyyar haihuwa, ya zaɓi wurin da hakan a ransa.