Tambaya kan asalin sunan Gilfillan

Ɗan Ƙofar Sauri:
Assalamu alaikum. A makon jiya muna kwashe kayan adakar kakanmu, Allah ya jiƙansa, sai na ci karo da wani tsohon ƙamus na Turanci da gara ta fara cin gefensa, an rubuta Gilfillan da tawada a cikin bangonsa. Ban taɓa jin Bature mai wannan suna ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, shi ya sa nake roƙon masana su faɗa mini asalinsa da ma'anarsa.

Malamin Daura:
Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta wa tsoho. Sunan ya fito ne daga Gelik, harshen mutanen tsaunukan Sikotilan, inda asalinsa yake Gille Fhaolain. Kalmar gille tana nufin yaro ko bara, shi kuwa Faolan, wanda Turawa ke kira Fillan, mutum ne da Kiristocin can suka ɗauka waliyyi, ya rayu wajen ƙarni na 8, kuma har yau akwai kwarin da ake kira Strathfillan da sunansa. Ma'anar ke nan baran Fillan. Da farko sunan yanka ne da iyaye ke raɗa wa ɗa don neman tubarraki, daga baya ya bi jikoki ya zama sunan zuriya. Haka aka ƙera Gilchrist, baran Almasihu, da Gillespie, baran bishop.

Malama daga Rafindaɗi:
Allah ya ƙara sani, Malam. Ƙirar ta yi kama da ta Abdullahi, sai dai mu ga sunayen Allah kaɗai muke jingina bauta, kuma gille ya fi kusa da barantaka, domin har yanzu da kalmar ake kiran mai yi wa maharba da masunta jagora a Sikotilan. Shi kansa Faolan yana nufin ƙaramin kyarkeci. Abin da ya fi burge ni shi ne MacLellan ɗan'uwan wannan suna ne: an sa masa Mac, wato ɗan wane, sannan sautin f ya ɓace saboda ba a furta fh a Gelik.

Ɗan Ƙofar Sauri:
Na gode ƙwarai, Malam da Malama. Zan rubuta bayanin a takarda in saka cikin ƙamus ɗin kafin in mayar da shi adaka.