Cin da ba na yunwa ba: ku me ya jawo naku?

Uwargida, Kano

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, amma masu tallan shayin rage tumbi don Allah ku ɗan dakata, ba ku nake nema ba. So nake in ji daga bakin waɗanda suka san ci ba tare da yunwa ba.

Nawa ya faro ne bayan an yi mini amarya. Ban yi bori ba, ko kofi ban fasa ba, kayan faɗar kishiya ma hannu biyu na sa na karɓa. Kowa na cewa wance akwai haƙuri. To amma ranar da ba girkina ba, da zarar yara sun yi barci sai in tsinci kaina a kicin. Taliya 'yar murji nake dafawa, in kwarara manja da yaji, in ci a tsaye daga cikin tukunya, ko fitila ba na kunnawa don kada babbar 'yata ta farka ta gan ni. Ba daɗinta nake ji ba. Ci nake har ciki ya ɗaure, numfashi ya yi nauyi, don sai a lokacin barci ke ɗaukata ban tsaya tunanin ɗaya ɓangaren ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gidan biki. Ina shiga sai shewa: "Kai wance, kishiya ta karɓe ki! Kin yi ɓulɓul, kin murje!" Surukata har albarka ta sa wa ɗanta, wai ga shaida nan yana adalci. Akwai wanda ya taɓa shiga irin wannan?

Mai shago a Kantin Kwari

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya ba da ladan haƙuri. Ni nawa tsoro ne. Almajirci na yi, tun ina ƙarami aka kawo ni birni. Wanda bai yi bara ba ba zai gane ba: in ka samu ɗan tuwo a roba, nan take za ka tura shi, don in ka tsaya jan aji wani babba zai ƙwace, kuma ba ka san yaushe za ka sake ganin wani ba. Yau alhamdu lillahi buhun shinkafa ba ya yankewa a gidana, amma hannuna har yanzu bai samu labari ba. Kafin maiɗakina ta kai rabin kwanonta na gama nawa. Abin da yara suka rage ni ke sharewa, har ƙanzo nake sawa a kankaro mini. In na ga an nufi bola da abinci, wallahi jikina rawa yake yi.

A kasuwa kuwa tumbi ai daraja ce, "Alhaji ya ajiye teɓa, kasuwa ta yi albarka." Haka na yi ta amsa gaisuwa har ranar da jiri ya ɗebe ni a shago, aka auna ni aka ce suga ne.

Nas mai aikin dare, Zariya

Alhaji, abin da ka faɗa an taɓa gwada shi da gangan. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, tsakanin 1944 da 1945, wani masani Ancel Keys ya tara maza 36 lafiyayyu da suka yarda, aka rage musu abinci zuwa kusan rabi na wata 6. Mutanen nan suka koma ba su da zance sai na abinci, wasu na tara takardun koyon girki, wasu na lashe kwano. Da aka sake su su ci yadda suke so, da yawansu sun yi ta ci babu ƙoshi na watanni. Manya ke nan, na wata 6 kacal. Ina ga yaron da ya tashi a haka?

Ni ma ba a tudun mun tsira nake magana ba. Aikin dare ne ya kama ni. Wajen ƙarfe 3, musamman daren da muka rasa majiyyaci, ba abin da raina ke so sai shayi mai kauri da burodi da ƙwai, a bi da lemon kwalba. Na san dalilin sarai: rashin barci yana ɗaga sinadarin girelin mai sa jin yunwa, ya rage leptin mai gaya wa ƙwaƙwalwa an ƙoshi. Damuwa mai tsawo kuma tana riƙe sinadarin kortisol a sama, shi ne ke ja ka zuwa ga zaƙi da maiƙo, ya kuma tara kitsen a ciki. Sanin bai hana ni aika masinja wurin mai shayi ba.

Dattijo, Gusau

Ku yi mini uzuri 'ya'yana, amma ni ina ganin ana neman sa wa kwaɗayi riga ne. Mu ma mun ga mutuwa, mun ga talauci, ba mu huce a kan tukunya ba. Manzon Allah (SAW) ya riga ya raba mana gardama: kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Mai damuwa ya ɗauki Alƙur'ani, ya riƙe azumin Litinin da Alhamis.

Uwargida, Kano

Baba, Allah Ya ƙara girma. Hadisin nan tun a islamiyya na haddace shi, kuma gaskiya ne. Azumin ma ina yi. Sai dai ranar da na yi shi, abin da nake ci bayan isha'i ya fi na kullum. Ku maza in abu ya dame ku kuna da majalisa, kuna da masallaci, kuna da kasuwa. Ni in na buɗe baki a ce kishi ne, in na je gida a ce in koma in yi haƙuri. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to na haɗiye maganar, na kuma bi ta da tuwon.

Wadda ta fita takaba, Maraɗi

Baba, ban yi maka musu ba, amma ka ji nawa. Da maigidana ya rasu, makon farko ko ruwa da ƙyar yake wucewa. Daga nan sai kwanuka. Wata 4 da kwana 10 ina zaune wuri guda, maƙwabta da dangi kowa da abin da zai aiko, fura, dambu, farfesu, kwaɗon zogale. Wadda ta kawo kuma ba ta tafiya sai ta ga kin ci. "Ci ki samu ƙarfi, yaran nan ke suke kallo." In kin ƙi, kin raina. Ban ga laifinsu ba, iyakar abin da suka iya ke nan, ba wanda ya san me zai ce da ni.

Wanda ya zame mini jaraba shi ne balangu. Marigayi ba ya shigowa da dare hannu rabbana, kullum da ƙullinsa a takarda, mai ya huda ta, albasa a sama. Bayan takaba sai na fara aiken yaro wurin mai naman nan dai, a lokacin nan dai. In baje takardar a kan tabarma in cinye rabona da nasa. Na daɗe ina haka kafin ƙanwata ta gane, ta fara zuwa tana zama da ni bayan magariba. Ba ta taɓa ce mini in daina ba, hira kawai take kawowa, wani lokacin ta ci nasa rabon. Yanzu sai a yi mako ban aika ba.

Mai jiran aiki, Kaduna

Ni nawa ba shi da nauyin na iyayenmu, kunya ma nake ji in faɗa. Tun da na gama bautar ƙasa nake zaune. Rana barci, dare waya. Duk abokin da na gani ya sa hoton ofis, sai in tashi in dafa indomi biyu da ƙwai, in kora da lemo mai sanyi. Abin da na lura shi ne a duk yinin nan wannan ne kaɗai abin da nake cewa zan yi, kuma ya yiwu. Ranar da na karanta jikin kwalbar na ga rabin lita na ɗauke da sukari sama da giram 50, wajen ƙaramin cokali 13, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya na cewa kada babba ya wuce kimanin giram 50 a yini, sai na koma zoɓo. Daga baya na ga yadda ƙanwata ke zuba masa sukari, na yi shiru.

Nas mai aikin dare, Zariya

Baba, akwai kwaɗayi, ban musa ba. Amma bari in ƙara wani abu. A shekarun 1980 wani likita, Vincent Felitti, yana da sashen rage ƙiba a birnin San Diego na Amurka. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne masu guduwa daga shirin, da yawa waɗanda suke samun nasara ne, nauyi na sauka sai su ɓace. Da ya bi su yana tambaya, sai ya tarar cewa da yawansu an ci zarafinsu ta hanyar lalata suna yara. Ga wasunsu ƙibar kariya ce, don a daina kallonsu. Wannan ne ya haifar da babban binciken da aka yi a kan mutum sama da 17,000, aka fara wallafa shi a 1998, wanda ya nuna yadda wahalar ƙuruciya, duka da zagi da rikicin iyaye da cin zarafi, ke bin mutum har girma ta fito a matsayin ƙiba, ciwon zuciya, shaye-shaye ko ciwon damuwa.

Yaya Uwargida, ga alamomin ciwon ci babu tsayawa da likitocin ƙwaƙwalwa ke dubawa: mutum ya ci mai yawa cikin ɗan lokaci, ya ji ba zai iya tsayawa ba, yana ɓuya don kunya, bayan ya gama ya tsani kansa, kuma hakan na faruwa aƙalla sau ɗaya a mako har wata 3. Tun 2013 littafin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, kuma mafi yawan maganinsa zama ne da mai ba da shawara, ba ƙwaya ba. Ki fara da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano, tunda kina kusa. Na san abin da za a ce in an gan ki a layin. Da yawan masu zama a bencin nan rashin barci da damuwa ne suka kawo su. Kafin nan, kada ki rama cin dare da ƙin karyawa da safe, yunwar rana ce ke ƙara wa na daren ƙarfi.

Ba suna

Abin da Anti Nas ta faɗa game da marasa lafiyar likitan nan, ni ce. Kawuna ne, ina aji huɗu na firamare. Duk sanda na rame maza suka fara tare ni a hanya, sai in koma ci. Ban taɓa haɗa biyun ba sai yau. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan.

Dattijo, Gusau

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. 'Yata, Allah Ya saka miki. Ba da irinki nake ba.

Amaryar bara, Katsina

Ni ta wata ƙofar na shigo. Siririya ce ni tun tasowa, a gida sunana "sandar rake". Da aka sa ranar aurena, gwaggona ta dube ni sama da ƙasa ta ce a haka za a kai ki, dangin miji su ce ba ma ba ki abinci? Wata ƙawa ta kai ni wurin mai haɗin sha-ka-fashe, ƙananan ƙwayoyi a leda ba suna, da wani ruwa a kwalba. Cikin 'yan makonni na koma ba na ƙoshi, tsakar dare in tashi in jiƙa garin kwaki. Ranar kamu kowa na yaba kumatu.

Yanzu fuskar ta yi fam, wuya ya cika ta baya, ciki ya fito har ana yi mini barka, ƙafafu kuwa suna nan yadda suke. Ga nankarwa ja a cinya da ciki. Ban daina sha ba don tsoron in zube miji ya ga canji, shi bai san komai ba. Anti Nas, yau na yi niyyar watsa su a masai. In watsa?

Nas mai aikin dare, Zariya

A'a ƙanwata, kada ki watsa, kuma kada ki daina yau. Abin da kika kwatanta, zagayayyiyar fuska, kitse a ƙeya, siraran ƙafafu da jan nankarwa, ya yi kama da aikin maganin deksametazon ko danginsa, kuma ana yawan sa shi a irin wannan haɗin tare da siproheptadin mai buɗe ciki. In an daɗe ana shan deksametazon, wasu ƙananan halittu da ke saman ƙoda sukan daina samar da nasu kortisol ɗin, sun saba ana kawo musu daga waje. In kika yanke lokaci guda, jiki zai iya saki, amai, jiri, jini ya faɗi ƙasa, har ta kai ga rasa rai. A hankali ake rage shi, kuma likita ne zai tsara miki yadda za a yi.

Gobe da safe ki ɗauki ledar da kwalbar yadda suke ki tafi babban asibiti, ba kemis ba. Ki faɗi tun yaushe kika fara da guda nawa kike sha a rana, kada ki rage ko ɗaya don kunya. Ki ce a auna miki suga da hawan jini, a kuma yi gwajin ciki, don in akwai juna biyu dole likita ya sani kafin ya taɓa komai. In kafin goben kika ji amai ko jiri mai tsanani, kada ki jira gari ya waye.