Abin da aka tattara kan maganar gamba

Jama'a maganar nan da ake ta yi kan ciyawar gamba da amfaninta ta yi tsawo, to ga dai abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda gamba ba irin kyasuwa ko ƙarangiya ba ce da suke mutuwa duk shekara. Ita tushenta na nan a ƙasa ko da saman ya bushe ƙarau, saiwarta na nitsewa sosai, shi ya sa ruwan farko na sauka za ka ga ta tsiro kafin sauran ciyayi, dabbobi su samu na lasa a lokacin da harawa ta ƙare.

2. Ba ta zaɓen ƙasa, jigawa mai yashi ma ta ishe ta. Idan ta samu wuri takan wuce tsayin mutum.

3. Dashe: a tsaga tushe a dasa a iyakar gona da damina ta kankama. Ga shaidar iyaka, ga tare zaizayar ƙasa.

4. Mai son zana ya bari sai kaka lokacin da karan gambar ya ƙosa. Dabbobi kuwa ɗanya sharaf suke so, in gambar ta tsufa sai su kau da kai.

Inda aka rabu shi ne wuta. Wasu sun ce ƙonawa na sa ta toho, wasu suka ce wutar rani har itatuwa take ci. Ni dai ina bayan na biyun, ku duba Ostireliya da aka kai ta don kiwo, yanzu ta zame musu bala'in gobarar daji, kuma da sunanta na gamba suke kiranta.

Akwai kuma masu ƙorafin macizai da gafiya na ɓuya a ciki, aka ce musu a riƙa yanka kan lokaci.