Yawo da ƙafa a tsohon birnin Fas

Matafiyan da suka san Fas ta ƙasar Maroko sun fi nanata abu ɗaya: a shiga da sassafe ta ƙofar Bab Bu Jalud, a bi titin Tala'a Kabira da ke gangarawa zuwa masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa a 859. Mota ba ta shiga, jakuna da alfadarai ne ke dakon kaya, saboda haka da an ji tahowarsu a raɓe jikin bango. Taswirar waya kan rikice a lunguna. An yi saɓani kan ɗaukar ɗan jagora. Ni dai ina ganin yana da amfani a ranar farko, muddin mai lasisi ne. A sa takalmin da ba ya matse ƙafa, domin dawowar hawa ce. Ranar Juma'a kuwa shaguna da yawa a rufe suke.