Ina da aiki ina da iyali, amma ji nake kamar rayuwar wani nake yi. Butulci ne?

Ɗan Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah kar a min dariya, na daɗe ina son yin tambayar nan ina fasawa. Shekarata 33, ina aiki a sashen kuɗi na wani kamfani nan Sharaɗa, albashi ba laifi Alhamdulillah, mata ɗaya yara biyu, gidan haya ne amma ba a taɓa buga min ƙofa ba. Akanta na karanta saboda Baba ne ya cike min fom ɗin da hannunsa, ni ko tambayata ba a yi ba, nima kuma ban ce komai ba don a lokacin ban ma san mutum yana da wani ra'ayi ba. Yanzu shekara bakwai kenan, gida ofis gida ofis, sai kawai na wayi gari ina tambayar kaina wai ni ɗin waye in an cire katin aikin nan daga wuyana?

Abin da ya tayar min da maganar, ran nan taya ta yi faci na tsaya gun mai faci, gefensa shagon kafinta ne, ƙamshin dusar katako ya bugi hancina, wallahi sai da idona ya kawo ruwa. Ina yaro kawuna kafinta ne, ni nake riƙe masa katako yana yankawa da zarto, ni nake miƙe tsoffin ƙusoshi da guduma. Mai faci ya gama tuni ina tsaye ina kallon yaran shagon kamar wani sakarai. Ina sallah ina azumi, ba wai imani na rasa ba. To wannan waswasi ne ko rashin godiya ko me?

Mai Jiran Aiki:
Ƙoshi ne ke damunka yallaɓai, ba wani abu ba. Ni tun 2020 na gama bautar ƙasa har yau POS nake yi a bakin titi cikin rana, kai kana cikin AC kana tambayar waye kai. Zo mu yi musanya na sati ɗaya, ranar Laraba za ka gane kanka tsaf.

Malamin Islamiyya:
Wa alaikumus salam. Mai Jiran Aiki a yi masa uzuri, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Allah ya buɗa maka kai ma.

Ɗan'uwa ba kai ka fara ba. Imam Gazali ya fi ka muƙami nesa ba kusa ba, shi ne babban malamin makarantar Nizamiyya a Bagadaza, ɗalibai wajen 300 ke zama gabansa, fada na damawa da shi. A 1095 abin nan ya same shi, ya duba ya ga karantarwar tasa neman suna ne ya fi yawa a ciki, ya yi wata shida yana jan ƙafa yau zai tafi gobe ya fasa, har harshensa ya ɗaure ya kasa ba da darasi, abinci ma ya daina shiga, likitoci suka ce ciwon daga zuciya yake. Ya fita kamar zai je Hajji ya nufi Dimashƙa, ya riƙa kulle kansa a hasumiyar masallacin Umayyawa, ya wuce Baitul Maƙdis da Makka. Sai a 1106 ya koma koyarwa a Naisabur. Ihya'u Ulumiddin da ake karantawa a zaurukanmu a tsakanin nan aka rubuta shi, labarin kuma shi da kansa ya bayar a Munƙizu minad Dalal.

Amma ka lura da abu ɗaya da matasa ke tsallakewa, kafin ya bar Bagadaza sai da ya ajiye wa iyalinsa abin da za su ci. Don haka kar gobe ka kai takardar ajiye aiki ka ce Malam ne ya ce. Manufar halitta dai an riga an faɗa mana a Zariyat aya ta 56, bauta ce, sai dai bautar tana da faɗi, ciyar da yaranka na ciki, kujera mai kyau da ka yi ba algus ma na ciki. In Allah ya kai mu azumi ka gwada i'itikafi ko na kwana uku ne, ka bar wayar a gida.

Anti Nas:
Ƙanena ni tambaya zan maka kafin komai, kana bacci? Abinci fa? In yaran suka zo da wasa kana jin daɗi ko haushi suke ba ka? In ka ga sama da sati biyu kullum zuciya a cunkushe, abin da da yake faranta maka ya daina, ko tunanin gara ma mutuwa yana zuwa, to wannan ciwon damuwa ne kuma yana da magani, ka ga likita, ba sai wanda ke tsince-tsince a bola ake kaiwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ba, mutanenmu ne suka ɓata sunan wurin.

In kuma lafiya lau kake bacci to irin nawa ne. Shekara goma sha tara ina Maman wane, Maman wane, ranar da autata ta tafi makarantar kwana na dawo na zauna tsakar gida na rasa me zan dafa, wallahi ban san abincin da NI nake so ba, kullum na maigida da na yara nake yi. Dariya na yi sannan na yi kuka. Washegari na yi ɗanwake da mai da yaji ni kaɗai na cinye. Daga nan na fara tara matan layinmu ranar Asabar muna karatu da hira kan lafiya, wata tsohuwa ta ce ai na zama jaji, wato jagorar mata masu karatu, irin na 'yan taru na Nana Asma'u, na ce Iya rufa min asiri ina ni ina su. Kuma ka faɗa wa matarka, kar ka bar ta tana zaton kishiya kake nema, don mu mata in miji ya yi shiru can tunaninmu ke zuwa.

Baƙo daga Damagaram:
Sannunku. Mu nan da damina ta faɗi ko ma'aikacin gwamnati ne sai ya leƙa gonar gado, ko hatsin bai kai kuɗin mai ba, ran mutum ne ke buƙata. Kai kuwa hannunka ne ke jin yunwa ɗan'uwa, shekara bakwai ba abin da ya taɓa sai kwamfuta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kawun naka yana raye? In yana nan je ka gaishe shi.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Anti bacci kam ina yi har da minshari inji madam, kuma kin canka daidai, da na faɗa mata sai ta ce au dama katako ne, ita ta riga ta gama zargin wata a ofis ɗinmu. Kawu ya rasu shekara huɗu kenan, Allah ya jiƙansa, amma na kira ɗansa ya ce akwatin kayan aikin na nan a ƙarƙashin gado ba wanda ya taɓa, zan je in ɗauko.

Asabar ɗin nan na koma shagon nan na gaya wa ogan ina son in riƙa zuwa, ya kalli takalmina ya kalli agogona ya ce Alhaji aiki za ka bayar? Na ce a'a koyo. Ya ba ni guntayen katako na yi kujerar tsuguno, awa huɗu na yi a kan abin da yaransa ke gamawa kafin shayi ya huce, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta sai da na sa mata kwali, tafin hannuna duk ya yi bororo. Madam ta ɗauka tana wanke-wanke a kai tana min tsiya. Ko wannan ne ni ɗin, ban sani ba tukuna, aikin dai ban bari ba Malam, Litinin ina ofis ƙarfe takwas.

Mai Jiran Aiki:
Toh Allah ya sa albarka oga kafinta. Amma duk ranar da ka yanke shawarar barin kujerar Sharaɗa ka min magana ta inbox kafin kowa ya ji, takarduna a leda suke a shirye, nima akanta na karanta.