Shawarwari kan karatun ra'o'in nazarin fim

An tattauna kan yadda ɗalibi zai fara karatun ra'o'in nazarin fim. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun ce kada ɗalibi ya fara da haddar sunayen masana. Ya ɗauki fitowa guda, ya kalle ta sau uku, na ƙarshen ba sauti, sannan ya buɗe littafi.

An fi daɗewa kan gwajin Kuleshov, mai shirya fim ɗan Rasha: hoton fuska ɗaya ce, amma in an haɗa ta da hoton kwanon miya sai a ce yunwa, da akwatin gawa kuma baƙin ciki. Ni ma nan zan fara.

Wata ta kawo maƙalar Laura Mulvey, masaniyar fim 'yar Birtaniya, ta 1975, kan yadda kyamara ke kallon mace da idon namiji. Masu nazarin talabijin aka tura su ga rubuce-rubucen Stuart Hall, masanin al'adu da kafofin yaɗa labarai.