Wai ko'ina a duniya alade alamar kazanta ne?

Uwar Biyu: Salamu alaikum jama'a. Yarana sun nace wa katun din Peppa Pig, abin da ke daure min kai kuma shine duk duniya an san alade a labari kazami ne mai hadama, to ya akai turawa suka wanke shi tas suka sa masa jar riga ya koma abin so wajen yara?

Malamin Adabi: Wa alaikumussalam Hajiya. Gaskiya ba duk duniya ba. A lissafin shekarun mutanen Sin dabbobi 12 ne, alade ne na karshe, 2019 ma shekararsa ce kuma a wajensu alamar arziki ne da yalwa. A Jamus idan sabuwar shekara ta zo kyautar dan mutum-mutumin alade suke ba juna na fatan sa'a, kuma ki duba asusun yaran turawa, yawanci siffar alade gare shi.

Dan Auta: Malam ayi hakuri amma ni ina bayan Hajiya. Littafin George Orwell na 1945 da aka fassara mana Gandun Dabbobi, su waye azzaluman? aladu ne suka kwace mulki suka koma kwana a gado suna shan giya, karshe har tafiya da kafa biyu, kuma bature ne fa ya rubuta. A tatsuniyar Girkawa ma da matsafiya ta tashi wulakanta mutane aladu ta mayar dasu

Malamin Adabi: Ka koma ka sake karantawa kanina. Tun farkon littafin aladun ne suka fi sauran dabbobi kwakwalwa, su suka koya wa kansu karatu da rubutu, shi yasa jagoranci ya fada hannunsu. Wayo ya kai su, mulki ya lalata su, babu ruwan kazanta a ciki.

Mai Zane: Ni dai ta bangaren zane zan shigo. A wani kogo a tsibirin Sulawesi na Indonesiya akwai zanen aladen daji da jan kasa, har kurajen fuskarsa an fitar, ga shatin tafin hannu biyu ta bayansa, a 2021 masana suka ce ya kai shekara 45,500 a kalla. Wanda ya zauna cikin kogo ya zana shi da wannan kulawar wlh ba kyamarsa yake ba, dabbar da yake farauta ce ya santa ciki da waje.

Uwar Biyu: Naji duk wannan, amma birgimar da yake cikin tabo fa? wannan ai ba al'ada bace kowa yana gani da idonsa

Mai Zane: Jikinsa ne baya fitar da gumi sosai Hajiya, tabon ke sanyaya shi ya kuma kare masa fata daga rana.

Dan Auta: To ko ma dai meye dalilin, masu katun din da kansu basu boye ba, tun 2004 da aka fara shi a Ingila babban wasan Peppa tsalle ne cikin tabo.

Malamin Adabi: Haramcin cin namansa a wajenmu babu mai ja, Yahudawa ma basa ci. Abin da nake musu akai kawai shine cewa kowace al'umma haka take kallonsa, wannan kam tarihi bai yarda ba.

Uwar Biyu: Na sauka daga batun duk duniya Malam. Amma yaro dan shekara uku bai san Sin ba bai san kogo ba, abin da ya gani shi yake kwaikwaya, nawa har gurnanin nan ya fara yi idan yana magana, don haka a gidana dai na kashe katun din.